Tsuntsun da Ya Zaunar da Kaka

Shekaranjiya ina wanke-wanke na tarar da wani kofi a bayan tukunyar dafa shinkafa. Ruwan zuma ne Umma ta haɗa wa ƙanwata saboda tari, ta sha rabi aka manta da sauran. Ya kai kwana huɗu a wurin. Da na ɗaga shi sai warin ya bugo ni, tsami-tsami kamar kunun da ya kwana, da ɗan zaƙi can ƙarƙashi. Na tsaya riƙe da kofin, famfo yana ta zuba, har Umma ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Ban gaya mata abin da na tuna ba. Ku zan gaya wa, tunda ba kwa kallon fuskata.

Shekarata goma a lokacin. Muna zaune a hawa na uku na wani tsohon bene a Guangzhou, kusa da tashar jirgin ƙasa, don Baba ya riƙa zuwa kasuwar Zhanxi Lu da ƙafa. Harkarsa takalma ce. 'Yan kasuwa su zo daga Kano, ya zaga da su shago-shago, ya yi musu ciniki, ya tsaya a kan kaya har a ɗure kwantena. Falonmu kullum ƙamshin sabuwar roba yake yi, saboda samfurin takalman da ake ba shi ya nuna wa mutane. Ƙafa ɗaya ake bayarwa. Na girma a cikin takalman da ba su da 'yan uwa, kuma na daɗe ina zaton haka kowane gida yake.

A makaranta ni kaɗai ce baƙa a ajinmu. Kujerata tana gefen taga, ba na ɗaga hannu ko na san amsa. Amma Sinanci ya zauna a bakina fiye da na kowa a gidanmu. Na Baba bai wuce laoban da meiyou ba, wato maigida da babu, sauran kuma na'urar lissafi ce take yi masa.

Kaka, mahaifiyar Umma, ta zo ne da aka haifi ƙanwata. Umma ba ta samu komawa gida wankan jego ba, sai wankan ya biyo ta. Kaka ta sauka da busasshen ganyen darbejiya, da kanwa, da yaji, da gero, da wata gora cike da zuma daga amyar ƙanenta na ƙauye. Tun ranar farko ta fara faɗa da ƙasar. Ta ce ruwan da ya tafasa ba a ga wuta ba ba shi da ƙarfi. Da aka nuna mata alƙibla ta ga wajen faɗuwar rana ake fuskanta, sai ta tsaya da darduma a hannu ta ce a sake dubawa, ita shekara sittin tana kallon gabas. Sai da Baba ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya yi mata bayani cewa mun wuce Makka ne, ta yarda. Ta yi sallar, amma da ta sallame ta ce mini ji take kamar ta sa riga a bai-bai.

Ƙawata take ce mini. Takan ce bakina ajiya aka ba ni, shi ya sa ba na taɓa shi. In na yi Hausa ta ce kamar mai tafiya a kan tsakuwa ba takalmi. Ni kuma in yi murmushi in matsa kusa da ita, don jikinta ƙamshin man kaɗe da hayaƙi yake yi, ko da yake babu hayaƙi a gidan.

Saura kwana tara a yi arba'in ta faɗi. Da sassafe ne, tana ɗauke da bokitin ruwan wankan Umma. Na ji ƙarar bokitin kafin na ji kukan Umma. Abin da na fi tunawa shi ne silifas ɗinta guda ɗaya yana yawo a kan ruwan zafin da ya malale har falo, ya je ya tsaya a cikin takalman Baba. Ban yi kuka ba. Na ɗauko silifas ɗin na ajiye shi kusa da ɗan uwansa.

A asibiti ni ce tafinta. Likita ya faɗi magana, in juya ta, in ga ta sauka a fuskar Baba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren hagu. Kalmomin suna bi ta bakina su wuce kamar ruwa a cikin tiyo, ba sa tsaya mini a ko'ina. Bayan 'yan makonni aka sallame mu. Kaka ta dawo gida bakinta ya ɗan karkace, hannunta na hagu a kwance kamar na wani. Aka sa mata gado a ɗakina. Ta juya fuskarta bango.

Wata Juma'a abokan Baba suka biyo shi dubiya bayan an sauko daga Masallacin Huaisheng. Suka gaishe ta daga bakin ƙofa, suka koma falo ana shan shayi. Hira ta kai su kan wani ɗan kasuwa daga Nijar da ya rasu a nan, aka rufe shi a nan, ba danginsa ko ɗaya a wurin. Bangon gidan nan bai da kauri. Ina zaune a ƙasa ina aikin makaranta, na ga idon Kaka a buɗe.

Da suka tafi ta kira ni da hannunta mai lafiya. Ba za ta iya gaya wa Baba ba, surukinta ne, ko sunansa ba ta faɗa. Umma kuwa da an fara irin wannan magana sai hawaye. Don haka ni aka aika daga ɗaki zuwa falo.

"Ki gaya wa babanki ya mai da ni gida da raina," ta ce, kalmomin suna fita a hankali ta gefen bakinta. "Ba na so in tashi ranar ƙiyama in rasa wanda zan tambaya hanya."

Na je na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ya daɗe yana juya wani takalmi a hannunsa.

Da muka koma asibiti likita ya ce ba zai sa hannu a takardar tafiya ba sai ta iya zama. Tafiyar doguwa ce, wuni da kwana, ga canjin jirgi a hanya. Wanda ba ya iya zama a miƙe na tsawon sa'o'i, ya ci ya sha a zaune ba ya ƙwarewa, ba za a ɗauke shi ba. A lokacin Kaka ba ta iya zaman da ya kai na cin tuwo. Da an tayar da ita sai jiri, sai ta rufe ido ta ce a kwantar da ita. Baba ya sayo kujera mai taya. Ta kalle ta sau ɗaya ta koma kallon bango. Gida take so, amma jikinta ya ƙi yi mata aikin da zai kai ta, ita ma kamar ta daina roƙonsa.

A gefen barandarmu akwai wata bishiya da rassanta suka kawo daidai hawa na uku. Da sanyi take fure, manya-manya, ja mai haske da ya gauraya da shuni. Ganyenta a rabe yake biyu kamar sawun raƙumi. An yi mana hutun sanyi ke nan, ina gida. Wata safiya Umma tana son canza zanen gado, muka taru muka ɗora Kaka a kujerar, na tura ta baranda don ta ba da wuri. Ta kalli ganyen ta ce, kalgo. Ta rufe ido.

Sai muka ji wani ɗan sauti siriri, kamar ana goga allura biyu. Wani tsuntsu ne da bai kai tsawon yatsana ba in ka cire jela. Kansa kore mai ƙyalli kamar bayan ƙudan bola, maƙogwaronsa ja wur, cikinsa fari-fari, jelarsa da wasu zare biyu. Ya tsaya a iska gaban fure na ɗan lokaci, fikafikansa sun ɓace don sauri, sannan ya sauka a reshe ya zura baki. Na waiga. Idon Kaka a buɗe, yana bin sa.

"Sha-kauci," ta ce. "Me ya kawo shi nan? Shi ma wankan jego ya zo?"

Ran nan Umma ta gama gyaran gado ta zo ɗaukarta, Kaka ta ce a dakata.

Ni kuwa na tabbata na san tsuntsun. Kafin hutu na aro wani littafin hotuna a ɗakin karatu na makaranta, a cikinsa akwai wani ɗan tsuntsu da ake kira fengniao, mai shan ruwan fure, mai tsayuwa a iska. Na ɗauko shi na riƙa karanta wa Kaka, ina juya Sinancin zuwa Hausata ta kan tsakuwa. Na gaya mata zuciyarsa tana bugawa fiye da sau dubu a minti ɗaya. Ta ce wa ya ƙirga. Na gaya mata yana iya tashi da baya-baya kamar mota. Na ce da yanar gizo yake ɗaure sheƙarsa don ta riƙa buɗewa in 'ya'yan suna girma, ƙwansa kuma bai fi ƙwayar wake ba. Da na zo inda aka ce ƙafafunsa ba sa tafiya, kama reshe kawai suke yi, ta yi wata 'yar dariya da rabin baki ta ce ashe ɗan uwanta ne.

Shafi ɗaya ne ta sa na maimaita. An rubuta cewa in sanyi ya yi yawa kuma babu abinci, tsuntsun yakan sandare a kan reshe. Jikinsa ya yi sanyi, zuciyarsa ta rage gudu, numfashinsa ya kusan ɗaukewa, ko taɓa shi ka yi ba zai motsa ba. Da rana ta ɗaga ya ji ɗumi sai ya farfaɗo. Kaka ta tambaye ni, to ya mutu ke nan ko bai mutu ba. Na ce bai mutu ba, jira yake yi. Ta kalli hannunta na hagu.

Akwai abubuwan da na lura da su tun a lokacin. Na littafi bakinsa a miƙe yake, namu a lanƙwashe. Na littafi a iska yake sha, namu ya fi son ya sauka, wani lokaci ma ya huda furen ta gindi ya sha kamar ɓarawo. Na rubuta waɗannan a bayan littafin lissafina. Sai na ce a raina wataƙila namu ya gaji ne, ko kuma ya yi nisa da gida.

Ba mu da agogo a baranda, sai inuwar ƙarfen da aka kewaye ta da shi. Daɓen tayil ne, inuwar tana tafiya a kansa daga hantsi zuwa la'asar, tayil goma cif. Ranar farko Kaka ta zauna tayil ɗaya. Tsuntsun yana zuwa da hantsi, ya tafi, ya dawo, ita kuma tana jiran dawowar. Cikin mako biyu ta kai tayil huɗu. Ta fara shan kunu a zaune. Na yanke wa kaina cewa ranar da ta cika goma likita zai sa hannu. Ba wanda ya gaya mini haka.

Dab da bikin sabuwar shekarar Sin, lokacin da kasuwanni suke rufewa mutane suna komawa garuruwansu, wasu ma'aikata suka zo da mota mai tsani suka sassare rassan da suka kusanci gidaje. Kafin azahar sun gama. Barandarmu ta cika da haske, furanni duk suna ƙasa ana sharewa. Kwana biyu tsuntsun bai zo ba. A rana ta uku Kaka ta ce a bar ta a gado.

Baba ya tuna da yadda ake yi a gida, in akwai marar lafiya a watsa wa tsuntsaye tsaba sadaka. Ya ɗebi geron Kaka ya zuba a faranti ya ajiye a baranda. Gwarare suka cika wurin, suka ci, suka ɓata daɓen. Kaka ta ji hayaniyarsu daga ɗaki ta ce in gaya wa babana an gode, amma sha-kauci ba kaza ba ne.

A ƙarshen littafin an nuna yadda mutane suke rataye ruwan sukari a cikin jan mazubi. Na samo kwalbar maganin Kaka da ya ƙare na wanke. A cikin samfurin Baba akwai wani takalmin mata mai jan furen roba a kai. Na cire furen, na huda tsakiyarsa da ƙusa mai zafi, na liƙa shi a murfin kwalbar. A ɗaki na yi aikin, Kaka tana kallona ta gefen ido. Da na ɗauko gwangwanin sukari sai ta ɗaga hannu.

Ta ce in ɗauko gorarta. Umma ta ce zumar nan magani ce, don ita aka ajiye, kullum cokali ɗaya da safe, kuma ba a samun irinta a nan. Kaka ta ce ai shi ya sa. Ta ce baƙo ne, ya zo har ƙofarmu, ba a ajiye mai kyau a ba baƙo na banza. Sadaka kuma daga abin da kake so ake yin ta, in ba haka ba zubarwa ce kawai. Na ce littafi sukari ya ce. Sau ɗaya na faɗa, a hankali, ina kallon ƙasa. Ko ba ta ji ba, ko ta ji ta share. Ni ma a raina na ga ai zuma ta fi sukari, kowa ya san haka. Na dama ta da ruwa na cika kwalbar, na ɗaure ta a jikin ƙarfe da igiyar takalmi.

A kwana na uku ya zo. Ya sauka a kan igiyar, ya karkata kai, ya zura baki cikin furen roba. Kusancin da ba mu taɓa samu ba. Na ga harshensa, siriri kamar zare, yana shiga yana fita. Kaka ta zauna tayil biyar a ranar.

Sai aka shiga lokacin nan da iska take juyowa daga teku. Wanda bai zauna a Guangzhou ba ba zai gane ba. Bango ya riƙa gumi, madubi ya yi hazo, daɓe ya jiƙe ba wanda ya zuba ruwa, kayan jaririya su kwana uku a igiya ba su bushe ba. Ruwan kwalbar ya fara dusashewa. Na kwance ta zan zubar in sake sabo, Umma ta gan ni a bakin rariya ta ce, zuma ake zubarwa? Ta ce albarka ce, kuma ta tsohuwa ce, in ƙara ruwa a kai kawai. Na mayar. Kullum in ƙara a kan na jiya. Wasu baƙaƙen ɗigo suka fito a wuyan kwalbar. Warin nan ya fara.

Na ga tsuntsun yana canzawa. Ya daina tsayuwa a iska gaba ɗaya. Yakan zauna a kan igiyar gashinsa a bubbuɗe kamar ƙwallon auduga, bakinsa a ɗan buɗe, harshen a waje ba ya komawa. Kaka daga inda take ba ta hango wannan sosai ba, ta ce ya saba da mu ne, ya zama ɗan gida. Duk na gani, na rubuta a bayan littafin lissafi, ban ce wa kowa komai ba.

Ranar da muka koma makaranta na fita baranda da safe ɗauko safata, na same shi a ƙasa, a kwance ta gefe, ƙafafunsa a naɗe. Na ɗauke shi. Ba nauyi ko kaɗan, kamar ka riƙe ganye. Jikinsa da sanyi. Na tuna shafin nan, sai hankalina ya kwanta. Jira yake yi, ɗumi kawai yake bukata. Na naɗe shi a cikin safar, na sa a aljihun rigar makaranta ta ciki, daidai ƙirjina, na tafi.

Na yi darasi huɗu hannuna a kan aljihun. Wani lokaci in ji kamar motsi, sai in gane bugun zuciyata ne. Da aka tashi cin abincin rana na je ofishin malamar kimiyya. Ban taɓa zuwa wurin wani malami da ƙafata ba sai ranar. Na buɗe safar a kan teburinta, na ajiye littafin a gefe a shafin da ya dace, na tambaye ta ɗumi nawa yake bukata kafin ya tashi.

Ta duba shi da bakin fensir, a hankali. Ta ce ya mutu, tun kafin in ɗauke shi ma. Ta ce kuma ba tsuntsun littafin ba ne. Waɗancan a nahiyar Amurka kaɗai suke rayuwa, ba su a ƙasar Sin, ba su a Afirka. Wannan wani iri ne daban da ya yi kama da su saboda abincinsu ɗaya, su tsuntsun rana suke ce masa. Ta tambaye ni me nake ba shi. Da na faɗa mata ta ce zuma in ta haɗu da ruwa saurin lalacewa take yi, fumfuna ta tsiro a ciki, ta kama harshen tsuntsu da maƙogwaronsa har ya kasa sha. Ko ruwan sukari ma sai ana zubarwa ana wanke mazubin kullum. Ta ƙara da cewa ba za a iya tabbatarwa ba, wataƙila tsufa ne ko sanyi. Na gane don ni ta ƙara wannan.

Na yi mata godiya. Na tuna akwai alli a hannun rigarta, kuma miyarta tana hucewa a gefe. Na naɗe safar na koma aji na yi sauran darasin. Ina ta jira in ji wani abu, ban ji ba.

Da na dawo gida Umma tana yi wa Kaka wanka. A baranda akwai tukunyar da Umma ta shuka na'a-na'a. Na tona gefe da cokali, na sa shi, na rufe, na daddanna. Na kwance kwalbar na zubar da abin da ke ciki, na wanke ta da ruwan zafi, na cika ta da ruwan sukari. Daga nesa ba bambanci.

Da Kaka ta ce yau ɗan gida bai zo ba, na ce ya zo da sassafe tana barci. Washegari na ce jiya ana shigar da ita ya zo, wataƙila ya canza lokaci, sai ta ƙara jira. Ban taɓa yi mata ƙarya ba kafin wannan, amma ta fito mini a sauƙaƙe, a Hausa mai kyau. Umma takan fitar da ita da hantsi. In na dawo daga makaranta in same ta a zaune, mayafi a kafaɗa, tana kallon jan furen roba. In duba inuwa daidai lokacin da za a shigar da ita. Bakwai. Takwas. Kullum in kawo sabon labari, na gan shi a kan waya, na ji kukansa a bayan gida. Ita kuma ta gyaɗa kai ta ce to, bari mu ƙara kaɗan.

Ranar da ta cika goma ba wanda na gaya wa, don ba wanda ya san ana ƙirgawa. Mako guda bayan nan likita ya sa ta zauna a gabansa, ya ba ta ruwa ta sha, ya auna jininta, ya sa hannu. Ni na juya maganar. Baba ya ce alhamdu lillahi. Umma ta fita waje da jaririya.

Baba ne zai raka ta. Da safen tafiya, an gama ɗaure kaya, ta ce in tura ta baranda. Na tsaya a bayan kujerar. Ta daɗe tana kallon kututturen rassan da aka sare, sun fara fitar da ƙananan ganye.

"Ƙawata," ta ce, "wace alƙiblar kika ba shi, ta nan ko ta gida?"

Na kalli tayil.

"Shekara hamsin ina noma. Ƙasar da aka tona ba ta ɓuya mini, ko a tukunya ce." Ta numfasa. "Zumar ce?"

Na ce malama ta ce ba a sani ba.

"Zumar ce," ta ce. "Mun karrama shi har lahira." Ta miƙo hannun dama ta baya ta kamo nawa ba tare da ta waigo ba. "Ke kina ta ƙarya don in zauna. Ni kuma ina ta zama kada ƙaryarki ta tafi a banza. Yarinyar da ba ta magana ta buɗe baki, ai sai a saurara."

Baba ya yi gyaran murya daga falo, mota ta iso.

Ta isa gida. Ta yi mako uku a ɗakinta, 'yan uwa suna shiga suna fita, ta ci tuwon dawa, an ce har faɗa ta yi a kan an bar mata akuya ta rame. Sannan ta rasu, aka rufe ta a ƙauyensu kusa da iyayenta, fuskarta gabas. Wayar ta zo mana da rana, ranar Lahadi. Umma ta zauna a ƙasa a inda take tsaye. Ni ina baranda ina wanke kwalbar, na ƙarasa wankewa, na cika ta, na rataye.

Shekara bakwai ke nan. Mun tashi daga wancan gida, yanzu muna hawa na ashirin da biyu, inda babu bishiyar da take kawowa. Baba ya rage zaga kasuwa da baƙi, ta waya yake nuna wa mutanen Kano takalma, su zaɓa daga shagunansu. Falo ya daina ƙamshin roba. Ƙanwata da aka zo yi wa wanka ta shiga makaranta, Sinancinta ya fi Hausarta nesa, ba ta san kalgo ba, ba ta san wadda ta fara riƙe ta ba sai a hoto. Tsuntsun littafin na kalle shi a waya ba adadi, an rage gudun hoton har ana ganin yadda fiffikensa yake juyawa. Na san abubuwa da yawa a kansa yanzu, bana ma ilimin halittu na zaɓa. Da idona ban taɓa ganinsa ba. Kabarin Kaka ma ban taɓa gani ba. Jan furen roba yana cikin akwatin fensirina, ya ɗan koɗe.

Har yau Umma ba ta san abin da ke cikin tukunyar na'a-na'a ba, kuma a tsohon gida muka bar ta.

Shekaranjiya, da na dawo hayyacina, na karkata kofin nan a kan rariya. Umma tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ta ce, "Zuma ce fa."

Na ce na sani. Na zubar, na wanke kofin da ruwan zafi, na kife shi.